Tabon Ƙafar Tasi'u

Jama'a, ku ɗan rage hira ku ba ni hankalinku. Jibi suna a gidana. Rago yana ɗaure, mata sun fara surfe, amma har yanzu jaririn ba shi da suna. Ni aka ɗora wa zaɓen, ni kuwa na kasa. Zan faɗa muku yadda abin ya faru tun daga tushe, ba zan ƙara wa kowa ba, ba zan rage wa kowa ba. In na gama sai ku yi ta gardamarku.

Ni manomin albasa ne, bokona bai wuce aji huɗu ba, saboda haka kar ku jira in yi muku bayanin likitoci. Ni da mai ɗakina mun haifi tara, huɗu suka rayu. Namiji ɗaya ne a cikinsu, shi ne autanmu Tasi'u, kuma shi ke riƙe da fadamarmu tun da gwiwoyina suka gaza. Uwarsa ta rasu shekara uku da suka wuce. Ciwon daji ne ya kama ta a nono, ya cinye ta muna kallo. Tun daga lokacin, in aka ambaci sunan ciwon nan a majalisa sai in ɗauki takalmina in tashi.

Na farkon mutanen da zan ba ku labari shi ne Malam Hambali tela. Masallacin unguwarmu ƙarami ne, kowa ya san gurbinsa. Tasi'u yana tsayawa a sahun farko ta gefen taga, Malam Hambali kuma daidai bayansa. Duk wanda ya saba salla a sahu na biyu ya san cewa in an zauna tahiya, abin da ke gaban idonka shi ne tafin ƙafar na gaba. A nan Malam Hambali ya fara ganin wani baƙin tabo a ƙafar Tasi'u ta dama, girmansa kamar ƙwayar wake. Kafin kaka ta wuce ya kai faɗin babban yatsa, gefensa ba daidai ba, kamar tawada ta ɗiga a tsumma ta bazu. Wata rana da aka sallame sai ya ga ɗigon jini a tabarma.

Malam Hambali ya taɓa ganin irin tabon nan a dugadugin yayansa, kuma shi ya yi wa yayan nasa wanka. Sai ya tari Tasi'u a ƙofar masallaci ya faɗa masa a asirce. Tasi'u ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ƙafar mai aikin fadama ce fa. In ba ƙaya ba, kaushi ne." Ya sake yi masa magana, ya sake samun amsa irin ta farko. Ana nan sai wani ƙullutu ya fito wa Tasi'u a matsematsi, ga tari da ba ya jin magani. Duk muka ce kaluluwa ce, har na yi magana da wanzami ya zo ya tsaga.

Ran nan bayan sallar azahar, mutumin da bai taɓa ɗaga murya a cikin jama'a ba ya miƙe tsaye ya ce a dakata. Ya faɗi abin da yake gani wata da watanni, a gaban liman, a gaban kowa. Wani daga baya ya ce, "Ashe Malam duk sallar nan da muke yi ƙafafun mutane kake dubawa?" Masallaci ya ɗauki dariya. Malam Hambali ya ce, "Na yarda sallata ta samu tawaya, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Amma yaron nan a kai shi asibiti, kar a sa masa aska." Liman ya ce Tasi'u ya ɗaga ƙafar a gani. Da aka gani, dariya ta tsaya.

Tasi'u bai yafe wannan tonon silili da wuri ba. Ya canza sahu, ya daina gaishe shi, har ɗinkinsa ya kwashe ya kai wani shago. Malam Hambali bai kula ba. Washegari da wanzami ya iso da zabirarsa, sai ya tarar da dattijon zaune a bakin zaurenmu ya miƙe ƙafafu ya tare hanya. Bai tashi ba sai da ya ga mun shiga mota.

A babban asibitin birni aka yanki ɗan nama daga tabon, aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Likitar, Dakta Balaraba, ba ta yi mana kwana-kwana ba. Ta ce ciwon dajin fata ne, wanda suke kira melanoma, kuma a jikin baƙin mutum ya fi son tafin ƙafa da ƙarƙashin farce, inda ba a dubawa. Ta ce ya riga ya bar ƙafar, ya hau matsematsi, ya taɓa huhu. A lokacin Hindatu matar Tasi'u tana da ƙaramin ciki. Na tambayi likitar ko zai ga abin da za a haifa masa. Ta ce, "Baba, in aka bar shi haka, ba zan yi maka wannan alkawarin ba."

Na yunƙura zan tashi. Sai ta ce in saurara, ba ta gama ba. Ta ce tun bayan rasuwar mai ɗakina ma an ci gaba, kuma wannan ciwon daban ne da nata. Akwai magunguna biyu da ake haɗawa, amma ba kowane mai ciwon suke yi wa aiki ba, sai wanda aka gwada naman aka ga wata alama a ciki. Na ce me ya sa biyu? Ta tambaye ni sana'ata, na faɗa mata. Ta ce, "To ka san ban-ruwa. In ka datse ruwa a wuri ɗaya, zai tsaya na ɗan lokaci, sannan ya huda ya wuce. In ka datse a wuri biyu a kan hanya ɗaya, ya fi daɗewa bai samu mafita ba. Ciwon nan haka yake. Ɗaya shi kaɗai yana aiki, amma ciwon yana saurin gane shi."

Na gane wannan. Abin da ban gane ba shi ne yadda za mu yi, domin gwajin a Legas ake yi, maganin ma a can wata ƙungiyar agaji ke bayarwa ga waɗanda gwajinsu ya dace, kuma sai mutum ya je da ƙafarsa ya karɓa.

A nan na biyu ya shigo, wato Ɗayyabu direba. Tare suka yi makarantar allo da Tasi'u, shi ne kuma ke jan babbar motar da ke kai albasar garinmu kudu. Da ya ji labari bai tsaya jaje ba, ya ce, "Baba, ina naman?" Aka ba shi a ɗan akwati, ya ajiye a gaban mota kusa da shi, ya kama hanya. Ɗayyabu ya san kasuwar albasa ta Legas kamar tsakar gidansu, amma bai taɓa shiga ofis mai sanyi ba. Turancinsa na tasha ne. Aka yi ta tura shi daga wannan bene zuwa wancan, masu gadi suna toshe hanci saboda warin albasa, shi kuwa yana rungume da akwatin yana cewa ɗan'uwansa ne a ciki. Bai baro garin ba sai da ya ga an karɓa. Da sakamako ya fito aka ce alamar tana nan, shi ya koma ya yi ta zarya har aka sa sunan Tasi'u, shi ya dawo mana da kwalabe biyu. Ɗaya manyan kafso ne da ake sha safe da yamma. Ɗaya ƙananan ƙwayoyi ne, guda ɗaya a yini, kuma an ja masa kunne cewa ba sa son zafi, sai a cikin firji. A kular ruwan sanyi ya kawo su, yana sayen ƙanƙara gari-gari.

Gidanmu ba firji, in ma akwai ba wuta. Wannan ya kawo mu ga na uku, Isiyaku mai ƙanƙara, ɗan ƙanwata, wato taubashin Tasi'u. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba zagi ba, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Isiyaku ya kwashe lemon da ke ƙaramin firjin shagonsa ya ajiye kwalbar ƙananan ƙwayoyin ita kaɗai. Kullum bayan asuba, kafin Tasi'u ya karya, sai ya taho da ƙwaya ɗaya a murfin kofi. Ana cikin haka azumi ya kama cikin tsananin bazara, taransfomar unguwarmu ta ƙone, ga wahalar mai. Lokacin da kowane mai ƙanƙara ke jira shekara guda ke nan. Isiyaku ya duba man da ya rage masa, ya kashe babban inji, ya rufe ciniki, ya bar ƙaramin inji yana jan firjin nan da kwalba ɗaya a ciki. Mutane suna zuwa da robobinsu kafin shan ruwa yana ba su haƙuri.

Amma ba wannan ne babban aikinsa ba. Bayan 'yan makonni da fara magani zazzaɓi ya rufe Tasi'u, yana rawar ɗari a cikin zafin da kare ma ke neman inuwa. Muka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka sayo magani a kemis. Zazzaɓin ya sauka, ya dawo. Tasi'u ya yi nasa lissafin shi kaɗai: ƙwayar da ke fitowa daga firji ita ke sa masa sanyi a jiki. Bai faɗa wa kowa ba. Sai ya riƙa shan kafso, ƙaramar kuma ya ɓoye ta a kunci, in Isiyaku ya juya baya ya tofar a bayan gado. Wata safiya hular Isiyaku ta faɗi, ya sunkuya zai ɗauka, ya ga ƙwayoyin a zube a ƙasa.

Ku gane halin da muke ciki. Ni uba ne, in na kalli yaron nan yadda ya rame ba na iya yi masa faɗa. Hindatu ba za ta ɗaga masa murya ba. Yayyensa mata kuka kawai suke yi. A duk dangi mutum ɗaya ne al'ada ta ba shi izinin zagin mara lafiya a kan gadonsa, kuma ya yi amfani da izinin.

Ya ce, "Kawu, zo ka ga aikin bawana. Ni na rufe shago ina ciyar da inji, shi yana ciyar da tururuwa."

Tasi'u ya ce, "Fita ka ba ni wuri. Ita ke kashe ni."

"To in mutuwar za ka yi ka faɗa mini da wuri, in je in zagaya fadamar in ga iyakarta. Ɗan da ke cikin nan kuma kar ka damu, ni zan riƙe shi. In ɗora masa kular ƙanƙara ya bi tasha. In ya tambayi ubansa in ce wata ƙwaya ce da ba ta kai ƙwayar masara ba ta kore shi."

Tasi'u da ya kwana biyu bai iya zama ba sai ga shi ya dafa bango ya tashi zaune. Ya ce, "Ɗan nawa ne zai yi tallan ƙanƙara? Kai ɗin banza! Miƙo ta nan."

Isiyaku ya ce, "Ba na miƙowa. Ka riga ka yi likitancinka ya ƙare, yanzu mai abin za mu tambaya." Nan take ya kira Dakta Balaraba a waya. Ta ce a kawo shi a duba jininsa. Da aka duba ba a ga zazzaɓin cizon sauro ba. Ta ce zazzaɓin daga magungunan ne, sanannen abu ne, ba ruwansa da sanyin firji. Ta ce a tsayar da duka biyun har jikin ya huce, sannan a koma duka biyun tare, kar a sake raba su. Ta ce da an ci gaba da shan ɗaya a ɓoye, da ciwon ya samu hanyarsa ba wanda ya sani. Daga ranar da aka koma, Isiyaku ba ya barin ɗakin sai Tasi'u ya buɗe baki ya ɗaga harshe, kamar akuyar da aka ɗura wa magani, suna yi suna zagin juna.

Kafin babbar salla, ƙullutun da ya kai ƙwan kaza ya koma kamar gyaɗa. Tari ya tafi. Aka yi masa aiki a ƙafa aka cire tabon, ya fara takawa da sanda.

Saura ƙiris in manta da abin da ya faru da damina, kuma in na manta na zalunci Ɗayyabu. Duk lokacin da kwalabe suka kusa ƙarewa shi ke karɓo sababbi. A tsakiyar damina yana dawowa da su sai ruwa ya cinye wata gada a hanya, motoci suka yi layi iyakar ganinka, aka ce gyara sai yadda hali ya yi. A gida kuwa abin da ya rage bai kai na mako ba, ƙanƙarar kularsa kuma tana narkewa. Motar cike take da kayan mai gidansa. Ɗayyabu ya miƙa wa abokin tuƙinsa makulli, ya tuɓe riga, ya ɗaure kular a ka da rawani, ya shiga ruwan da ya kai masa ƙirji, shi da bai iya iyo ba. Mutanen ƙauyen wurin suka jefa masa igiya ya kama. Daga can ya hau babur, ya hau motar itace, ya hau ta shanu. Ya iso ƙofar gidana ba takalmi, ya miƙa wa Isiyaku kular ya ce, "Taɓa ka ji, da sauran sanyi?" Da sauran sanyi. Mai motar kuwa da ya ji an bar masa kaya a daji, ya karɓe makullinsa. Har yau Ɗayyabu ƙaramar motar haya yake ja, kuma har yau shi ke zuwa karɓo maganin.

Watan jiya aka sake ɗaukar hoton ƙirjin Tasi'u. Dakta Balaraba ta ajiye tsohon da sabon gefe da gefe ta ce in matso. Ko ni da ban yi karatu ba na ga bambanci. Tabban da ke cikin na farko duk sun shanye, sai wani ɗan guntu da sai ta nuna da biro na gan shi. Ta ce, "Baba, ban ce ya warke ba. Zai ci gaba da sha, za mu ci gaba da dubawa. Amma yau ciwon nan shi ke gudu, mu ke bin sa." Na fito tsakar asibiti na zauna a ƙasa na yi kuka, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne uwarsa. Mutane suka taru suna ba ni haƙuri, suna zaton rasuwa aka yi mini. Na ce musu a'a, samu na yi.

Ranar Asabar da hantsi Hindatu ta sauka, namiji. Tasi'u yana fadama yana duba irin albasa aka je aka kira shi. Da ƙafarsa ya taho, ba sanda. Shi ya karɓi ɗansa, shi ya yi masa kiran salla a kunne da muryarsa. Daga nan bai zauna ba sai da ya je shagon Malam Hambali ya durƙusa ya nemi gafara, dattijon ya ce shi bai san an yi masa laifi ba.

Da yamma ya same ni a zaure ya ce, "Baba, sunanka yana kan jikokinka biyu, na san ba za ka ji haushi ba. Yaron nan ɗaya daga cikin mutum ukun nan zan yi wa takwara. Amma duk wanda na ɗauka sai in ji kamar na ci amanar biyu. Kai ka zaɓa."

Na ɗauka abin mai sauƙi ne, sai na je na tambaye su. Malam Hambali ya ce shi magana kawai ya yi, a ba Ɗayyabu da ya shiga ruwa. Ɗayyabu ya ce shi hanyarsa ce dama, a ba Malam da ya sha dariya a gaban jama'a. Isiyaku ya ce, "Kawu, wannan har tambaya ce? Ni za a ba mana. Sai dai a yi addu'a kar yaron ya ɗauko tsoron ubansa."

Na koma gida, nan ma kai ya rabu. Liman ya ce Malam Hambali, domin da ya yi shiru kamar yadda sauran 'yan sahu na biyu suka yi, da wanzami ya tsaga, da ba a kai ga maganar magani ba ma. Yayyen Tasi'u mata suka ce Ɗayyabu, domin gane ciwo ba ya warkar da shi, ga shi ya sa ransa a ruwa, ya rasa motarsa, kuma ba dangin kowa ba ne a gidan. Hindatu, da aka matsa mata, ta ce daga bayan labule ita dai ta san maganin ya zo har bakin mijinta ya tofar, kuma duk gidan ba wanda ya iya mayar da shi sai mutum ɗaya.

Kowa na ji sai in ce shi ke da gaskiya, har na gaba ya buɗe baki. Yaro kuwa suna ɗaya ake raɗa masa, kuma jibi da sassafe liman zai juyo ya dube ni ya ce, me aka sa?

To, jama'a, ga Malam Hambali, ga Ɗayyabu, ga Isiyaku. In ku ne a zaune a gurbina, sunan wa za ku faɗa wa liman?